Ƙanena Mai Tahowa Winnipeg, Ga Amsar Tambayarka Kan Safa

Ƙanena, saƙonka ya iso ni, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin cewa Jami'ar Manitoba ta ba ka gurbi, biza ma ta fito. Allah ya sanya albarka, ya sa a fara a sa'a. Ka ce a watan Janairu za ka sauka, ka riga ka sayi rigar sanyi mai kauri, kuma ka ɗauko safa dozin biyu a Kantin Kwari, farare masu laushi, kana tambaya ko sun isa ko ka ƙara. Ka kuma ce idan sanyi ya yi yawa sai ka riƙa haɗa biyu ko uku a ƙafa ɗaya.

Kada ka ƙara ko ɗaya. Waɗanda ka saya ma ka raba wa ƙannenka rabi, ka taho da sauran don zaman ɗaki da lokacin bazara. Ina kyautata zaton auduga ce, kuma safar auduga ba ta da wurin zama a cikin takalmin wanda zai fita waje a Winnipeg cikin Janairu.

Bari in fara gwada maka irin sanyin da muke magana a kai, domin kalmar "sanyi" ita ce take yaudarar mutanenmu. Hunturun Kano da ya fi tsanani, wanda ake hura wuta a ƙofar gida da asuba, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. A nan, matsakaicin sanyin dare a Janairu yana kusa da digiri 21 ƙasa da sifiri. Firizar da masu sayar da ƙanƙara ke daskarar da ruwa a ciki tana aiki ne a wajen 18 ƙasa da sifiri. To ka ga tashar bas ɗinka ta fi cikin firiza sanyi. Garin kuma fili ne shimfiɗaɗɗe, babu dutse babu tudu da zai tare iska, idan ta taso sai jiki ya ji kamar 35 ko 40 ƙasa da sifiri. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifiri, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30.

Abin da ban gane ba sai da na ɗanɗana shi ne, ba sanyin waje kaɗai ke cin ƙafa ba, gumin ƙafar ne ke buɗe masa ƙofa. Cikin gida da aji da bas duk a ɗumame suke, wajen digiri 20 ko fiye. Jami'arku ma tana da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suka haɗa gine-gine da yawa, kana iya wuni kana zirga-zirga ba ka leƙa waje ba. Duk wannan lokacin ƙafarka tana cikin takalmi mai kauri tana zufa. Auduga tana shan zufar nan ta riƙe, ta kwanta a kan fata kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa kuwa yana janye zafin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu. Da ka fito ka tsaya jiran mota, wannan damshin shi zai fara kashe maka yatsu.

A shekarata ta farko haka ta faru da ni. Na sa safar auduga biyu, na cusa ƙafa cikin takalmin da dama daidai ƙafata yake, na ɗaure igiya tamau. Na tashi daga aiki da dare, bas ya yi jinkiri, na tsaya kusan rabin awa. Da farko yatsun suna zugi kamar ana soka allura, daga baya zugin ya ɗauke, na ɗauka sauƙi ne ya samu. Da na isa gida na cire safar, sai na ga yatsu biyu na ƙafar hagu sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka, na taɓa na ji kamar ba jikina ba. Wani maƙwabcina dattijo, haifaffen garin, shi ya hana ni murza su, ya kawo ruwa mai ɗumi-ɗumi a roba ya ce in tsoma. Da jini ya fara dawowa na ji azabar da har yau ban manta ba. Allah ya taimake ni abin bai yi zurfi ba, amma har yanzu waɗannan yatsun biyu su ke fara gaya mini an shiga hunturu. Dattijon nan ne ya ɗaga safar da ke ƙasa, ya matsa ta a hannunsa ya nuna mini damshin, ya ce gobe in je in nemi ta ulu.

Ulu, wato gashin tumaki, halinsa daban. Zarensa a lanƙwashe yake, yana riƙe iska a tsakaninsa, kuma iskar nan da ke tsare ita ce ɗumin. Yana iya shan damshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da ka ji shi a jiƙe ba, domin cikin zaren yake kai ruwan, ba ya barinsa a kan fata. Ko ya jiƙe bai gama rasa ɗuminsa ba. Kuma ba ya saurin wari, wanda za ka gode masa ranar da ka cire takalmi a ƙofar masallaci ko gidan mutane, don a nan ma ba a shiga gida da takalmi.

Na san abin da zai zo ranka: ulu yana ƙaiƙayi. Wannan tsohon ulu ne mai kaushin zare, irin na rigunan gwanjo da muke gani a Ƙofar Wambai. Wanda za ka nema shi ne na tumakin merino, asalinsu daga Sifaniya, yanzu kuwa Ostareliya ce ta fi kiwonsu. Zarensa ya fi gashin kan mutum siranta nesa ba kusa ba, shi ya sa yake lanƙwasa a kan fata maimakon ya soke ta.

Idan ka shiga kanti, kada hoton dusar ƙanƙara da ke jikin kwali ya ruɗe ka, kada kuma ka auna da kauri. Juya bayan kwalin ka karanta abin da aka saƙa ta da shi. Akwai safa masu kauri da taushi, an rubuta musu sunan ulu da manyan baƙi, amma ka duba ka ga ulun kashi 10 ne ko 15, sauran duk zaren roba. Ni ina neman wadda merino ya kai kashi 55 zuwa 75, sauran nailan da ɗan zare mai talewa. Nailan ɗin ba ha'inci ba ne, shi ke hana diddige saurin hujewa, mai talewar kuma shi ke riƙe safar kada ta zame ta taru a ƙarƙashin tafin ƙafa. Idan ka ga auduga a cikin haɗin, ajiye ta. Sa hannu a ciki ka shafa wurin yatsu, idan ɗinkin ya yi tudu zai goge ka ya tayar da bororo. Tsawonta kuma ya wuce bakin takalmin, ta kai ƙwauri.

Kuɗi za su ba ka tsoro da farko. Masu suna irin Darn Tough da Smartwool da Icebreaker, ƙafa ɗaya tana iya kaiwa dala 25 zuwa 35, kuma na san za ka juya lissafin zuwa naira zuciyarka ta buga. Darn Tough, da ake saƙawa a jihar Vermont ta Amurka, suna da alƙawarin canza maka idan ta huje, komai daɗewa. Amma ba dole ne ka fara da su ba. Kantunan Costco suna sayar da ƙunshin safar merino da sauƙin kuɗi, kantunan Mark's ma suna da na ma'aikatan waje masu ƙarko. Ƙafa huɗu ko biyar masu kyau za su fitar da kai hunturu guda: uku matsakaita na zuwa aji, ɗaya ko biyu masu kauri na ranakun da gari ya ɓaci. Wannan ya fi maka dozin biyun nan amfani.

Yanzu batun haɗa biyu ko uku da ka ambata, nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Abin da ke ɗumama ƙafa jini ne, safa tsare ɗumin kawai take yi. Idan ka cika takalmi da safa har ya matse, ka danne hanyar jini, ka kuma matse iskar da ke cikin ulun. Ƙafa mai safa uku a takalmi matsattse ta fi mai safa ɗaya a takalmi sakakke jin sanyi. Saboda haka safa ake fara saya kafin takalmi. Ka sa mai kaurin, ka je kanti da ita a ƙafarka, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada. Dole yatsunka su iya motsi a ciki sosai. Sau da yawa sai ka ƙara rabin lamba ko lamba ɗaya a kan wadda ka saba. Idan ka samu takalmi mai rufin ciki da ake zarewa, irin na Kamik ko Baffin ko Sorel, ya fi, domin kana dawowa gida sai ka zare shi ya sha iska ya bushe kafin safiya. Lambar sanyin da suke rubutawa a jikin takalmi kuma kada ka ɗauke ta kamar alƙawari, mai tafiya da mai tsayuwa a tasha ba ɗaya suke ba. Idan lallai kana son biyu, to ta ciki ta zama siririya ƙwarai, ta ulu ko ta zaren roba, kuma takalmin ya kasance yana da wurinta.

Akwai abin da ya shafe mu wanda mai kanti ba zai gaya maka ba, wato alwala. Azahar da La'asar, har da Magariba, duk a makaranta za su same ka, don ranar hunturu gajeriya ce, kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi. Idan ka wanke ƙafa ka mayar da ita cikin safa da danshinta, ka rushe duk abin da na faɗa. Ka riƙa yawo da ƙaramin tawul a jaka, ka goge har tsakanin yatsu, ka kuma ajiye busasshiyar safa guda ta canji. Maganar shafa kuwa, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a ciki, huffi na fata aka sani, wasu malaman kuma, musamman Hanbalawa, sun halatta shafa a kan safa mai kauri idan an sa ta da alwala. Kafin ka taso ka zauna da malaminka ya warware maka da sharuɗɗanta. Idan huffi za ka yi amfani da shi, saye shi a gida ya fi sauƙi, kuma ka gwada takalmin da shi a ƙafa.

Ka taho da man kaɗanya. Iskar cikin gida a nan busasshiya ce fiye da ta hunturunmu, kaushi da faso suna zuwa da wuri, kuma diddige mai kaushi shi ke cinye safa kamar zarto. Ka shafa da dare, ka riƙa yanke farce.

Wanki shi ne inda sababbin zuwa ke asarar kuɗinsu. Zaren ulu yana da ƙananan ɓawo a jikinsa kamar na kifi. Idan ya haɗu da ruwan zafi da murza mai ƙarfi, ɓawon nan sai su sarƙe da juna, safar ta ƙanƙance ta yi tauri, kuma ba ta komawa. Na taɓa ganin wani ɗalibi ya fito da tasa daga injin busar da kaya na gidan haya, ta koma kamar ta yaron firamare. Ka juya cikinta waje, don a nan gumi da dattin fata suke. Ka wanke da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, injin a kan wanki mai sauƙi, da sabulu kaɗan marar ƙarfi. Kada bilic ya taɓa ta, yana cin ulu. Ruwan tausasa tufafi ma ka bar shi, yana lulluɓe zaren ya rage masa shan gumi. Idan da hannu ne, kada ka yi mata irin cuɗar da muke yi wa shadda, kada ka murɗe ta, matsa ta a hankali cikin tawul. Sannan ka shimfiɗa ta ta bushe da kanta, nesa kaɗan da hita. Da bushewar iskar ɗakunan nan, dare ɗaya ya isa. Yawancin na zamani an sarrafa su yadda za su jure inji, amma zafi yana rage musu kwana ko da ba su ƙanƙance ba.

Ba kullum sai ka wanke ba. Wadda ka sa ta wuni ba ka yi aikin ƙarfi ba, juya ta ka rataye ta kwana, ka sa wata gobe, jibi ka dawo mata. Kada dai ka sa guda kwana biyu a jere. Idan diddige ya fara sirancewa har kana hango fata, ɗinke shi da zaren ulu tun bai huje ba. Lokacin da dusar ƙanƙara ta narke, wajen Afrilu, ka wanke su tas, su bushe sarai, ka sa a jaka mai rufewa. Asu yana son ulu, ya fi son wanda ke da sauran gumi.

Abu ɗaya kuma da nake roƙonka kada ka yi wasa da shi. Idan yatsa ya daina zugi ya mutu, wannan ba sauƙi ba ne, ka nemi wuri mai ɗumi nan take, ko kanti ne ka shiga. A fatarmu ba lallai ka ga fari sol ba, toka-toka yake yi. Kada ka murza, kada ka kara a hita ko ruwan zafi, domin fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba ka sani ba. Ruwa mai ɗumin jiki kawai. Idan wurin ya yi tauri, ko ya tashi bororo, ko ji bai dawo ba, asibiti kai tsaye.

Ranar tafiya ka sa takalmin da ka saba, tunda daga gida zuwa jirgi babu sanyi. Ka turo mini lambar takalminka da ranar saukarka da lokacin. Zan zo filin jirgi da safar ulu ƙafa biyu da tsohon takalmina na sanyi, ya ɗan fi ƙafarka girma, zai riƙe ka har mu je kanti tare ka gwada naka. Ka gaida Hajiya, ka ce mata ta sako mini kuka da daddawa idan akwai wuri a jakar, ka kuma rubuta su a takardar kwastan idan ka sauka.