Amsoshin Tambayoyinku: Motar Tudu da Ruwa da Batun Injin Gazwal

Wani manomin shinkafa daga Saga da ke Yamai ya rubuto cewa ya sayi tsohuwar mota ƙirar Argo mai ƙafa takwas, irin wadda ke tafiya a tudu ta kuma yi iyo a ruwa. Injinta na esans ya mutu, yana so ya sa mata na gazwal don ya rage kuɗin mai.

Alhaji, in don kuɗin mai ne, zauna ka yi lissafi tukuna. Da aka rage farashi a Nijar a Yulin 2024, litar esans ta koma sefa 499, ta gazwal 618. Gaskiya ne injin gazwal ba ya shan mai kamar na esans, amma damina nawa za ta wuce kafin rarar ta biya maka kuɗin inji da na bakanike? Ga kuma nauyi. Ƙaramin injin gazwal Kubota D902 mai silinda uku ya haura kilo 70 tun ba a haɗa masa lagireto da ruwa da babban batir ba, alhali mai silinda biyun da ka cire bai kusa da haka ba. Injin wannan mota kuwa a gaba yake zaune. A tudu ba za ka ga komai ba, sai ranar da ka gangara ruwa ka ga hancinta ya sunkuya. In ka nace, nemi injin da ke juyi 3,600 a minti, don a kan haka aka daidaita kulocinta mai bel. Gwajin farko a yi shi a tabki marar zurfi, da igiya a ɗaure, ba kaya ba yaro.

Wani daga Talladje yana tambaya ko injin niƙa zai yi, tun da yana da shi a ajiye. Haba malam! Jijjigarsa kaɗai ta isa ta tsaga jikin motar, wanda roba ce. Bar shi ya ci gaba da niƙa hatsi.

Abin da ya fi damuna, wanda ba wanda ya tambaya, shi ne kayan gyara na jabu. Kowa hankalinsa na kan inji, alhali ba inji kaɗai ke nutsar da wannan mota ba. Kowace ƙafa tana da sandar ƙarfe da ta ratsa jikin motar, a bakin kowace kafa akwai rulma da robar da ke tare ruwa. Ƙafa takwas, ƙofa takwas ke nan da kogi zai iya shigowa. Bara na sayi rulma a wani shago, kwalinta fes, an buga sunan kamfanin SKF a jiki. Bakanike ya ɗora ta a yatsa ya juya, sai muka ji tana ƙara kamar an zuba mata yashi, ya goga rubutun da tsumma mai esans ya fita. Mutum zai zuba miliyan a inji, sannan ya tsaya yana ciniki a kan jika biyu ta rulma, ya ɗauki mai araha yana murna! Araha ba ta ado, a kan ruwa kuwa rai take ci. Haka matacin gazwal: na jabu ya bar ƙura ta wuce, allurar inji ta lalace, gyaranta ya ninka kuɗin matacin sau da yawa. Ku sayi kaya inda za a ba ku rasit, ku je da tsohuwar ku gwada, in farashin ya yi daɗi fiye da kima ku ajiye ku fita.

Sai wata baiwar Allah daga Lamorde, wadda ambaliyar 2020 ta ci gidansu. Maigidanta na gyara irin wannan mota don kwashe iyali in ruwa ya dawo, ita kuma ta kasa barci.

Hajiya, Allah ya mayar muku da alheri, kuma tsoronki na kan hanya. Motar nan da tayoyinta take tuƙa ruwa, gudunta a ciki bai fi na mai tafiya a ƙasa ba, don haka ba ta iya ja da jan ruwan Agusta da Satumba a kogin Isa. A fadama da laka da ruwa kwantacce take da amfani. Ki lallashe shi ya sa mata famfon kwashe ruwa, ya riƙa duba murafun magudanarta biyu na baya kafin kowace shiga, ya sayo wa kowane yaro rigar ruwa daidai jikinsa. In kogi ya fara cika, ku fita da wuri ta kan gada, kada ku jira dare.