Wuta ta dawo hannun yaro na cikin injin kwaɓi: me mai gidan burodi zai gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da gidan burodi a nan Maraɗi. Makon jiya da asuba aka ɗauke wuta ana cikin kwaɓi, sai ɗaya daga cikin yarana ya sa hannu a kwanon inji yana kankare ƙullun da ya manne. Wuta ta dawo, inji ya tashi, ya murƙushe masa yatsu biyu. Yaron ya daɗe a aikin, amma mutane na cewa gangancinsa ne. Me zan yi don kada a sake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye gaba.

Ban yarda da masu ɗora wa yaron laifi ba. Abin da ya yi, kusan kowane mai kwaɓi yana yi, don injin da ya yi shiru yana sa hankali ya kwanta. Gyaran yana jikin injin da kuma tsarin gidanka. Inji yana tsayawa saboda dalilai da yawa, amma ba a sa masa hannu sai an raba shi da wuta ta yadda ba zai iya tashi ba, ko da kansa ko ta hannun wani. Shi ya sa raunuka masu muni a gidajen burodi, wuraren niƙa da na matsar man gyaɗa suke yawan faruwa lokacin wanki, gyara ko cire abin da ya toshe, lokacin da aka buɗe murfi hannu ya shiga inda ba ya shiga ana aiki. Motar da ke juya yawancin injinan nan tana yin zagaye kusan 1450 a minti, wajen 24 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Ko da bel da giya sun rage gudun kafin ya kai kwano, ƙarfin ƙaruwa yake yi. Babu mai zafin naman da zai riga shi.

Fara da makunni. Ina kyautata zaton naka irin wanda ake tura wa ne ya zauna a kunne, shi ya sa inji ya tashi da dawowar wuta. Ka kira mai gyaran lantarki ya sa maka kwantakta, mai maɓallin kore da ja. Ita da zarar wuta ta tafi sai ta saki, in ta dawo kuma inji ba zai motsa ba sai mutum ya danna kore. A gari irin namu da wuta ke zuwa tana tafiya, ga masu juyawa zuwa janareta ba sanarwa, ban ga abin da ya fi wannan gaggawa ba, kuma kuɗinta bai kai na jinyar yatsa ɗaya ba.

Sai kwaɗo. Wanda zai wanke inji ko ya gyara, ya sauke babban makunnin injin, ya rufe akwatin da kwaɗo, makulli ya shiga aljihunsa shi kansa, ba na ubangida ko na babban yaro ba. In inji mai fulogi ne, ya zare, ya ajiye kan wayar inda idonsa ke gani. Daga nan ya danna kore ya tabbatar ba ya tashi, ya kuma jira har komai ya daina juyawa. In su biyu ne ke aikin, kwaɗo biyu. A Amurka wannan tsari doka ne tun 1989. Faɗa da baki, “kar wanda ya kunna”, ba ya isa, don mai kunnawa yawanci wanda bai ji ba ne, ya shigo yanzu yana sauri burodi ya fita kafin gari ya waye.

A nan akwai abin da ya rataya a wuyanka, Alhaji. In yara sun san za ka yi faɗa don an tsayar da inji minti biyar, za su ci gaba da kankarewa yana juyawa, ko da ka rataya kwaɗo goma. Su ji daga bakinka cewa ka yafe minti biyar ɗin.

A mayar da ragar da ke rufe kwano da murfin bel in an cire su. A yi kankara da abu mai dogon mariƙi. Riga mai faɗin hannu, rawani, mayafi da zobe kada su kusanci abin da ke juyawa.

In tsautsayi ya sake ratsawa, a kashe wuta kafin komai, kada a fizgi hannun da ya maƙale, a kira ’yan kwana-kwana a lamba 18. A danne ciwo da tsumma mai tsabta, ban da toka, ƙasa ko baƙin mai. Yatsan da ya fita a naɗe shi da tsumma mai ɗanshi, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, a tafi da shi asibiti tare da mai ciwon. A tambaya a yi masa allurar tetanus.

Raunin yaronka hatsarin aiki ne a doka. In yana da rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma’aikata na ƙasa, ka kai rahoto ba da jinkiri ba, ka adana takardun likita, don da su ake neman kuɗin jinya da diyya. In ba shi da rajista, ka ɗauki nauyin jinyarsa, ka je ofishin sufeton ƙwadago na Maraɗi su nuna maka yadda za ka yi wa shi da sauran yaran.