Tambaya da Amsa: Garin da ya riƙe harshensa sama da shekara 500

Tambaya: Malam, ƙanena da ke aiki a Palermo ya ce akwai wani gari a kan dutse kusa da su da ake jin harshen Albaniya har yau. Mu nan Aboabo yaranmu sun fi sakewa da Twi da Turanci. Me waɗancan suka yi da mu ba mu yi ba? Mai karatu daga Kumasi.

Amsa: Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Sunan garin Piana degli Albanesi, a tsibirin Sisili na Italiya, wajen kilomita 24 daga Palermo. Albaniyawa da suka gudo daga mamayar Daular Usmaniyya ne suka kafa shi a 1488, shekara 20 bayan rasuwar jagoransu Skanderbeg.

Kiristoci ne masu biyayya ga Paparoma, amma ibadarsu ta Girkawa ce, har limamansu na iya zama masu aure. A 1937 aka ba su bishop nasu. Sai dai kada ka ɗauka coci ce ta riƙe harshen. Mezzojuso da Palazzo Adriano, wasu garuruwan Albaniyawa a Sisili, sun riƙe ibadar amma harshen ya mutu a bakinsu. Garin Santa Cristina Gela kuwa ibadarta irin ta Roma ce, ga harshen yana nan daram. Inda uwa ta daina yi wa ɗa faɗa da harshe, huɗuba ba ta cetonsa.

Rubutu ma ya taimaka. Tun 1592 wani limamin garin, Luca Matranga, ya fassara littafin koyar da addini zuwa harshensu. Dokar Italiya mai lamba 482 ta 1999 ta ba da damar koyar da shi a makaranta, kuma allunan titi harshe biyu ne. Duk da haka mai magana ya fi mai rubutu yawa, kuma aiki na kwashe matasa zuwa birane.

A zango ciwon ke nan. Yaro ya yi maka Twi, ka amsa da Twi don sauri, shi ke nan ka sallame shi. Amsa da Hausa, ko da zai yi tsaki. A roƙi malamin makarantar allo ya ware rabin awa ranar Alhamis ko Asabar don karatun Hausa, boko ko ajami, a fara da ƙ, ɗ da ɓ, domin su ne ke fara zubewa: yaro ya ce "kasa" yana nufin "ƙasa". Kada a yi masa dariya in ya yi kuskure, dariyar ce ke rufe bakin yara.