Inshorar mota a Amurka: kar ka auna ta da kuɗin motarka

Wani ɗan'uwa daga Kolombus, jihar Ohayo, ya rubuto min cewa ya sayi tsohuwar Corolla dala 4,000, yana aikin sito da rana, da daddare yana ɗan kai abinci a DoorDash. Ejan inshora ya ba shi zaɓi biyu, 25/50/25 ko 100/300/100, shi kuma yana so ya ɗauki na farko tunda motar ma ba wata mai tsada ba ce, ga gini da yake yi a gida wanda ke cin kuɗi duk wata.

Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara buɗi. Amma gaskiya lissafin nan naka akwai gyara a ciki. Wannan ɓangaren na inshora, layabiliti, ba ruwansa da motarka ko kaɗan, ko sisi ba za a ba ka ba in ta lalace. Shi aikinsa biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne. Tsohuwar Corolla kuwa in ta bugi mutum, karayar da za ta yi masa ɗaya ce da ta sabuwar Benz.

Lambobin ga abin da suke nufi. 25 na farko, dala 25,000 ce iyakar abin da kamfani zai biya wa mutum ɗaya da ya ji rauni. 50 ɗin, dala 50,000 ce ga duk waɗanda suka ji rauni a hatsarin gaba ɗaya, ko su biyar ne. 25 na ƙarshe na dukiya ne, mota ko katanga ko shagon da ka afka wa. Wannan 25/50/25 ɗin shi ne mafi ƙarancin abin da dokar Ohayo ta yarda da shi, kuma kowace jiha da nata, Tekzas misali 30/60/25 ne.

To yanzu ka duba, sabuwar mota a Amurka kuɗinta ya doshi dala 50,000, ka ɗauka ƙanƙara ta kwashe ka a kan titin I-270 ka daki jif ta dala 45,000 ta tashi daga aiki, kamfani zai ba da 25,000 ya naɗe hannu, sauran 20,000 naka ne. Wannan ma ƙarfe ne kawai. In akwai mutum a ciki aka ɗauke shi a motar asibiti aka yi masa tiyata ya kwana uku a gado, ai kai ma ka san kuɗin asibitin ƙasar nan, 25,000 ba ta zuwa ko'ina, ga albashin da ya rasa, ga lauyansa da zai bi diddigin abin da ka mallaka. In kotu ta yanke maka hukunci ana iya riƙa cire har kashi 25 cikin ɗari na albashinka tun kafin ya iso hannunka, a kuma taɓa asusun banki. Kuɗin da kake turawa ginin da na cefanen Hajiya daga nan za a cire su, abin da ya fi damuna kenan.

Mun taso ne a gida da inshora mai araha da ake yanka don a nuna wa 'yan sanda a hanya, shi ya sa da yawanmu in mun zo nan muke neman takarda kawai. A nan ba a zuwa da dattawa a ba da haƙuri a ce ƙaddara ce, kotu ake zuwa.

Ni dai shawarata ka ɗauki 100/300/100. Aƙalla ninki huɗu ne a kariya amma kuɗin wata ba ya ninkawa haka, sau da yawa ƙarin kaɗan ne. Ka sa ejan ya rubuta maka farashin biyun ka gani da idonka, ka kuma tambayi kamfani biyu ko uku. In dole sai ka rage wani abu, rage inshorar gyaran taka motar, don motar dala 4,000 in ta mutu za ka iya daurewa ka sayi wata. Ka kuma tambayi inshorar da ke biyanka in wanda ba shi da inshora ya buge ka, suna da yawa a titi.

Sai maganar DoorDash, kar ka ɓoye ta don Allah. Yawancin inshorar mota ta gida ba ta biya in hatsari ya same ka kana kan aikin kai kaya, ko da ka sayi mafi tsada. Ka faɗa wa kamfanin a ƙara maka wannan sashen, in ba sa yi ka koma wani. Haka in akwai ɗan'uwa a gidan da ke ɗaukar makullin lokaci-lokaci, a sa sunansa a takarda, kuma adireshin da motar ke kwana shi za ka bayar, ba na abokinka da ke wata unguwa mai araha ba.