Ayarin kekuna a kan tsauni: wa ya kamata a fi sa wa ido?

Tambaya: Mu bakwai ne, mun shekara uku muna tuƙa keke tare, kuma kilomita 100 a yini ba ta gagararmu a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Yanzu muna shirin tafiyar mako uku da za ta ratsa tsaunuka, ta fito da mu kan wani faffaɗan tudu da ya haura mita 4,000. Akwai wani dattijo a cikinmu da kullum shi ne a baya, har wasu na cewa a ba shi haƙuri ya zauna. Mece ce shawararka?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ku yi saurin sallamar dattijon nan. In dai likita ya duba zuciyarsa da huhunsa ya ce lafiya lau, hankalina a kwance yake a kansa. Wanda nake jiye wa shi ne ƙaƙƙarfan cikinku, mai son riga kowa isa ƙoli.

Ga dalili. Oksijin da ke cikin iska kashi 21 cikin 100 ne ko a bakin teku ko a kan tsauni, amma da an yi sama sai iskar ta rage matsi. A mita 3,000, abin da numfashi ɗaya ke kai wa huhu bai wuce kashi 70 cikin 100 na abin da aka saba ba, a mita 5,500 kuwa ya koma kusan rabi. Jiki yana sabawa, sai dai yana buƙatar kwanaki, kuma ƙarfin cinya ba ya gaggauta sabon nan. Shi ya sa ciwon tsauni, wanda kan fara kama mutane daga mita 2,500, ba ya duba ƙarfin mutum. Hasali ma mai ƙarfi shi ke iya haye mita 1,200 a yini guda, ya kwana inda jikinsa bai shirya wa ba.

Saboda haka ku tsara zangonku da tsayin wurin kwana, kilomita ta biyo baya. Abin da likitocin tsauni suka yi ittifaki a kai shi ne, da zarar an wuce mita 3,000, kada makwancin yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Ba laifi a haye mashigi mai tsayi da rana, muddin za a gangara a kwana a ƙasa. Dubi hanyar Pamir, wadda ta ratsa tsaunukan tsakiyar Asiya. Wanda ya taso daga Osh a Kirgistan, garin da bai kai mita 1,000 ba, kafin ya cika kilomita 200 ya isa Sari-Tash a sama da mita 3,000, ga mashigin Ak-Baital mai mita 4,655 na jiransa a gaba. Wanda ya faro daga Dushanbe a Tajikistan kuwa, kwana da kwanaki yake yi yana hawa kaɗan-kaɗan. Hanya ɗaya ce, amma jikinsu ba zai ba da labari iri ɗaya ba. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Abin da ya fi damuna a tafiyar ayari shi ne kunya. Mutum na fama da ciwon kai da tashin zuciya, abinci ya fita ransa, barci ya gagara, amma ya yi shiru don kada a ce shi ya tsayar da jama'a. Madugunku ya riƙa tambayar kowa lafiyarsa, ɗaya bayan ɗaya, safe da yamma. Wanda ke da waɗannan alamu ba ya ƙara hawa sai sun wuce. In kuwa ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko magana ta rikice masa, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari mai kumfa, to ruwa ne ke taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. A sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne, a nemi mota, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai. Saukar mita 500 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi sosai kafin a kai ga likita. Akwai maganin asitazolamid da ke taimaka wa jiki sabawa. Ku tambayi likita kafin ku tashi.

Sauran sha'anin tsari ne. A hawa kowa ya taka feda daidai numfashinsa, a haɗu a sama, amma ku jira juna a inda akwai kariya daga iska, don zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000, kuma jikin da ya jiƙe da gumi nan da nan yake ɗaukar sanyi. Mutum guda mai kayan gyara da faci ya kasance na ƙarshe kullum. A kan tudun kuwa iska ce abokiyar gaba: ku yi sammako, don ta fi tashi bayan azahar, ku jeru a layi ɗaya kuna karɓa-karɓar gaba. A gangara ku ba juna tazara, ku riƙa dannawa kuna sakin birki, domin riƙe shi ɗam yana sa ya yi zafi har ya daina kamawa.

Shi kuma dattijo, ku sauya masa giya: ƙaramin faranti mai haƙori 22 ko 24 a gaba, babba mai 34 ko 36 a baya. Ku raba tantinsa da rabin ruwansa tsakanin matasa biyu, sannan a kwanaki biyar na farko ku sa shi a gaba, kowa ya bi saurin dattijon.