Kafin ka ci bashin sabuwar firinta

Tambaya: Ina da shagon buga takardu, da firinta guda mai amfani da tona, wato garin tawada, mai buga kala. Kwanan nan aiki na yawan lalacewa a hannuna. Wani lokaci 'yan akwatuna ke fitowa a maimakon haruffa, wani lokaci rabin shafi ya ɓace, kalar da kwastoma ya gani a wayarsa ba ita ke fitowa ba, ga wani ɗigo da ke bin kowane shafi. Da takardata da tonata nake sake bugawa, ribar duk a nan take tafiya. Ina tunanin in ci bashi in sayi babbar na'ura. Mene ne shawararka?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ka dakata da maganar bashin nan tukuna. Cikin matsaloli huɗun da ka lissafa, guda ɗaya ce kawai nake zargin daga jikin firintar take. Sauran ukun a cikin fayil da kwamfuta suke zaune, ko gobe ka sauke sabuwar na'ura za su biyo ta. Ka ga an bar jaki ana dukan taiki ke nan, ga kuma bashi a wuya.

Abin da za ka fara yi ba ya cin ko sisi. Kusan kowace firinta ta ofis tana iya buga shafin gwaji daga maɓallan jikinta, ba tare da kwamfuta ta sa hannu ba. Ka buga shi. In ya fito tas, na'urarka lafiyarta ƙalau, sai ka juya wajen kwamfuta. Daga nan ka buga 'yan layuka na rubutu zalla. In su ma sun fito daidai, to fayil ɗin kwastoma ne mai laifi. Ka tabbatar ta hanyar buga shi daga wata kwamfutar. Mai gyaran da ya zo ya fara kwance na'ura bai yi wannan gwajin ba, kuɗinka zai ci kawai.

Maganar akwatunan nan, samfurin haruffa ne ya ɓace. Kamfanin Adobe ya fito da tsarin PDF a 1993 domin takarda ta fito iri ɗaya a ko'ina, amma alkawarin nan ba ya cika sai an cusa samfurin haruffan a cikin fayil ɗin lokacin da ake ajiye shi. In ba a cusa ba, kwamfutarka za ta laluba nata, in ba ta samu ba ta musanya da wani. Wanda ta ɗauko kuwa in ba shi da wani harafi, sai ya ajiye akwati a gurbinsa. Haruffa masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ su suka fi shan wannan wahala. Ka buɗe fayil ɗin da Acrobat Reader, ka shiga File ko Menu, sai Properties, sai Fonts. Duk sunan da ba ka ga kalmar Embedded a gefensa ba, nan matsalar take. Fayil ɗin Word ya fi haɗari, domin da zarar samfuri ya sauya, layuka sun goce, shafi ashirin ya koma ashirin da ɗaya, teburin da ke shafi guda ya rabu biyu. Ni dai in ni ne kai, aikin da ya wuce 'yan shafuka ba zan karɓe shi sai a PDF. Wanda ya kawo Word, a mayar masa da shi PDF a gabansa, ya duba da idonsa ya ce ya yarda, sannan a danna bugawa.

Shafin da rabinsa ke ɓacewa yana da dalilai biyu da aka fi gani. Na farko mai sauƙi ne: an tsara takardar a kan girman Letter na Amurka, mai faɗin milimita 216 da tsawon 279, kai kuma A4 ce a tirenka, mai 210 da 297. Gefe zai yanke, ko na'ura ta tsaya tana neman takardar da ba ka da ita. Zaɓin Fit da ke wajen bugawa yana rage shafin ya shiga, amma kada ka yi amfani da shi a kan fom, ko katin shaida, ko zanen gini, inda awo ke da muhimmanci. Waɗannan Actual size suke so.

Na biyun ya fi zurfi. Tun daga PDF 1.4 da ya fito a 2001, mai zane na iya ɗora hoto a kan hoto ana hango na ƙasa, da inuwa, da kalar da ke narkewa cikin wata. Kafin irin wannan shafi ya hau takarda, dole a narkar da shimfiɗun nan su zama abu guda, kuma aikin yana cin ƙwaƙwalwar na'ura. In ta gaza, sai ta fito da abin da ta iya ta bar sauran, ko ka ga farin akwati ya kewaye tambari. Maganin gaggawa yana cikin Acrobat Reader: wajen bugawa ka shiga Advanced ka zaɓi Print As Image. Kwamfuta ce za ta yi aikin, ta miƙa wa firinta hoto kammalalle. Yana da jinkiri, ƙananan haruffa kuma na iya rage kaifi, don haka ba na kullum ba ne. Magani mai ɗorewa shi ne direba, wato manhajar da ke fassara wa firinta aiki. Yawancin firintocin ofis na jin yare biyu, PCL na kamfanin HP da PostScript na Adobe, dukansu tun 1984 suke. Ka sauko da duka biyun daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urarka. Wasiƙu da takardun ofis ka ba PCL don sauri, aikin zane ka ba PostScript. In kuwa ka ga firinta tana ta aman shafuka masu layi ɗaya na alamomi marasa ma'ana, an yi mata yaren da ba ta ji ne, direban ba nata ba ne. Masu zanen da ke kawo maka aiki a kai a kai kuma, ka roƙe su su riƙa ajiyewa a tsarin PDF/X-1a, wanda ke tilasta cusa haruffa da narkar da shimfiɗu tun daga can.

Kala kuwa, gara in faɗa maka gaskiya: babu na'urar da za ka saya ta fito maka da abin da ke fuskar waya. Waya da haske take haɗa kala, daga ja da kore da shuɗi. Firinta da tona huɗu take haɗawa a kan takardar da ba ta haskakawa. Akwai shuɗi mai ƙyalli da kore shar waɗanda tona ba ta kaiwa gare su ko kaɗan. Wannan ba gyara yake so ba, ƙa'idar shago yake so. Ka buga kwafi ɗaya, kwastoma ya gani ya sa hannu a bayansa, sannan ka buga sauran. Hoto kuma a turo maka shi a matsayin fayil, domin WhatsApp na matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, alhali bugu mai kyau na son kusan ɗigo 300 a kowane inci. Ka kuma lura da wata ɓaraka da ba a cika gani ba: baƙin rubutu a wasu fayiloli da tona huɗun ake haɗa shi. In aikin baƙi da fari ne, ka zaɓi haka a direba, in ba haka ba tonar kala mai tsada za ta riƙa zurarewa a kan wasiƙu.

Ɗigon da ke bin shafuka shi ne na jikin na'ura. Ɗauki rula ka auna tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo a tsawon shafin. Duk abin da ke juyawa a ciki yana maimaita tabonsa ne a kowane zagaye, don haka tazarar ita ce kewayensa. Duram, wato sandar da ke juyawa tana ɗora tona a kan takarda, mai kaurin milimita 30 zai maimaita tabo kusan kowace milimita 94, mai 24 kuma kusan 75. Littafin gyaran na'urarka na da jadawalin da ke nuna wace tazara ce ta wane sashe. Kalar ɗigon ma shaida ce: in ruwan ɗorawa ne, ka san katirij ɗin da za ka duba. Da awon nan a hannunka, sashe ɗaya za ka saya, ba uku ba. In kuma tona na gogewa da yatsa a kan kati mai kauri, kafin ka zargi sashen da ke gasa ta, ka duba ko ka gaya wa direba nauyin takardar. In firinta tana zaton takarda ce mai giram 80, za ta wuce da kati da sauri zafi bai kama shi ba. Takardar da ta sha danshi ita ma tana nannaɗewa ta maƙale. Ka bar ta a kunshinta sai za a yi amfani da ita.

Yanzu ga lissafin kuɗin. Adadin shafukan da ke rubuce a kwalin baƙar tona bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO aka auna shi, da shafin da rubutu ya rufe kusan kashi 5 cikin 100. Shafin da ya ci kashi 20 zai ba ka kusan rubu'in wancan adadi ne. In farashinka na fosta da na wasiƙa duk a kan lambar kwali ka gina su, to akwai asarar da ba ta da alaƙa da lalacewar aiki. Ka rubuta lambar da ma'aunin na'ura ke nunawa ranar da ka sa katirij da ranar da ya ƙare, ka raba kuɗinsa da shafukan da ka samu a zahiri. Ka kuma ajiye littafi na wata guda: duk takardar da ta lalace, a rubuta dalili, fayil ne, direba ne, hannun ma'aikaci ne ko na'ura.

In wata ya cika littafin ya nuna na'ura ce ke jawo yawancin asarar, kuma kuɗin sauya sassanta ya doshi kuɗin sabuwa, to maganar saye ta taso. Haka nan in kana mayar da kwastomomi saboda suna son A3, ko aikinka ya haura adadin da kamfani ya ba da shawarar a buga a wata. Wannan adadin za ka duba, ba babbar lambar da ake tallatawa ba. Ko a lokacin, ribar aikin da kake mayarwa ce za ta biya bashin, don haka ka lissafa ta kafin ka sa hannu. Ranar da za ka je duba na'urar, ka tafi da fayilolin da suka fi ba ka wahala da irin katin da kake aiki da shi, a buga su a gabanka, ka kuma tambayi kuɗin tona da duram da shafuka nawa kowanne ke yi kafin a fara ciniki.