Kakanmu ya bar lambobin yaƙin Bama, ta ina za mu fara?

Tambaya: Baba, kakanmu ya rasu a Aboabo, ƙasar Ghana, shekarun baya, sai bana muka buɗe akwatinsa na ƙarfe. Akwai lambobin yaƙi uku da wani ɗan littafi da ya yi ja don tsufa. Iyakar saninmu, ya je ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu. An ce tun da ka ajiye kaki kake bin tsofaffin sojoji kana tattara labarinsu don Allah. Yaya za mu san nasa?

Amsa: Allah ya jiƙan tsoho. 'Yata, duk wanda ya buɗe irin wannan akwati lambobin yake fara rarumowa, alhali maganar tana cikin littafin. Taurarin da Ingila ta raba bayan yaƙin duniya na biyu ba a buga suna a jikinsu ba. Idan kin ga tauraro mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe da shuɗi da ruwan lemo, to na Bama ne. Iyakar shaidarsa ke nan.

Littafin kuwa, da alama takardar sallama ce. Nemi lambarsa ta soja, wadda ke farawa da GC (Gold Coast, tsohon sunan Ghana), da bataliyarsa. Kada ki dogara da suna. Masu ɗaukar soja kan liƙa wa mutum ƙabilarsa, ya zama wane Moshi, wane Grunshi, wane Fulani, ko da a Zango ba wanda ya san shi da haka. Na taɓa shafe wata huɗu ina neman wani tsoho da sunan da jikokinsa suka ba ni, ashe ba haka bature ya rubuta ba.

Bataliyar ce za ta nuna rundunarsa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta ratsa kwarin Kaladan a Bama a 1944, inda babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka. Ta 82 ta zo daga baya, suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Da lambar a hannu sai ki je ofishin tsofaffin sojoji, VAG, ki kuma leƙa gidan tarihin soja da ke tsohon sansanin soja na Kumasi a Adum.

Amma duk wannan zai jira. Idan kakarki tana raye, kunna waya yau ɗin nan. Kada ki ce "ba ni labarin yaƙi", shiru za ta yi. Tambaye ta wace waƙa yake yi in yana wanke kakinsa, me ya ƙi ci bayan ya dawo, yaya barcinsa yake. Yawancin waƙoƙin bariki na lokacin da Hausa ake yi, don haka za ki ji abin da kika sani.

Littafin kada a manne shi da roba mai zafi, kada a sa masa salatif. Ki ɗauki hoton kowane shafi, ki naɗe shi a farar takarda, nesa da danshi. Lambobin kuma a bar su da dattinsu, kada wani ya goge su da toka.